Ɗan rakiya ba ɗan kallo ba ne: darasin kemistiri daga buhun taki, kanwa da gishiri

Waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau kemistiri za mu taɓa, amma don Allah kada kowa ya gudu. Ba allo za mu cika da lissafi ba. Gonakin Gaya da Ajingi za mu leƙa, mu biya ta madafi, mu ƙare a shagon magani.

Ga tambayoyi biyu. Ta farko: manomi a Kademi ko Toranke ya sayi taki da kuɗi masu ciwo, ya zuba, ruwan Agusta ya sauka kamar da bakin ƙwarya, bayan sati biyu sai ga ganyen dawarsa ya koma rawaya kamar ba a zuba komai ba. Ina takin ya tafi? Kuma me ya sa bayan wasu shekaru za ka ji yana cewa gonar ta gaji? Ta biyu: gishiri da kanwa duk sinadarin sodiyam ne a cikinsu. To me ya sa kanwa ke nunar da wake da wuri, gishiri kuwa ba ya yi?

Amsarsu ɗaya ce, tana wurin wani abu da za mu kira ɗan rakiya.

Bari mu fara daga tushe. Duk abin da kuke gani, ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira atam suka haɗu suka yi shi. Atam yana da caji iri biyu, irin dai na kan batirin mota: fulos da mainos. Idan yana zaune lafiya, biyun daidai suke. Amma wani atam ɗin yakan saki ilektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da mainos, sai fulos ya rinjaye shi. Wani kuma yakan karɓi ilektiron, sai mainos ya rinjaye shi. Duk atam ko gungun atam da ya zama mai caji haka, sunansa ayon. Michael Faraday ne ya shigo da kalmar a Ingila a 1834, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar "mai tafiya". A 1884 kuma wani ɗalibi ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya ce gishiri yana narkewa a ruwa ne ta hanyar rabuwa zuwa ayon-ayon. Malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar suka ba shi makin wucewa. A 1903 wannan maganar ce ta ba shi kyautar Nobel.

To ga dokar da komai ya rataya a kanta: ayon ba ya zama shi kaɗai. Ko a buhu, ko a kofin ruwa, ko a jinin jikinka, in ka tara fulos ka tara mainos, dole su zo daidai. Sodiyam yana da fulos 1, kuloraid yana da mainos 1, sai su tafi ɗaya da ɗaya, shi ne gishirin miya, NaCl. Kalsiyam yana da fulos 2, don haka kuloraid biyu yake ja, CaCl2. Aluminiyam fulos 3, salfet mainos 2, ba za su daidaita ba sai an kawo aluminiyam biyu da salfet uku, shida da shida ke nan. Masu shirin WAEC da NECO da JAMB, wannan shi ne duk sirrin rubuta fomula.

Kada ku ɗauka dokar ta wasa ce. Ƙaramin cokalin gishiri, giram 5, yana ɗauke da sodiyam da yawansu ya kai 5 da sifili 22 a gabanta, da kuloraid daidai wannan adadin. Da a ce za a iya ware sodiyam ɗin gefe guda su kaɗai, cajin da zai taru ya fi na ɗaruruwan aradu. Shi ya sa babu kamfanin da zai taɓa sayar maka da buhun fotasiyam zalla ko kwalbar amoniyam zalla. Duk ayon da kake so, sai ya zo da wani mai kishiyar caji da zai daidaita shi. Wannan na biyun shi ne ɗan rakiya.

A aji ana koya mana cewa wasu ayon 'yan kallo ne, a soke su daga lissafi tunda ba su shiga faɗan ba. A takardar jarrabawa haka ne, ku soke su ku ci makinku. A gona da tukunya kuwa, sau da yawa ɗan rakiyar nan ne ke yanke hukunci.

Mu fara da madafi. A gishiri, ɗan rakiyar sodiyam kuloraid ne, shi kuwa ba ruwansa da kowa, yana shiga ruwa ya yi zamansa. A kanwa, 'yan rakiyar su ne kabonet da baikabonet. Kabonet mai kwaɗayin haidirojin ne, shi kuma ayon ɗin haidirojin shi ne asalin duk wani tsami. Da kanwa ta shiga tukunya sai kabonet ya dinga wawure haidirojin, ruwan ya koma kishiyar tsami. Irin wannan ruwan ne ke sassauta abin da ya ɗaure ƙwayoyin wake da juna, sai ya nuna da wuri. Shi ne kuma dalilin da za ka ga kumfa ta taso idan kanwa ta haɗu da ruwan tsamiya: kabonet ya sami haidirojin har ya ƙoshi, ya rikiɗe ya zama iska ya fice. Sodiyam ɗaya ne a duka biyun, bambancin aikin na ɗan rakiya ne.

A nan akwai abin lura ga lafiya. Da Turanci ana kiran kanwa da sunan da ke sa mutum ya zaci fotasiyam ce. Kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga da yankin Tafkin Chadi, akasarinta sodiyam ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kusan giram 2 na sodiyam. Mai hawan jini da likita ya ce ya rage gishiri, in ya rage shi amma ya ci gaba da shan kunun kanwa, an gudu ne ba a tsira ba, don jiki sodiyam yake ƙirgawa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan ma, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka, mai jego da ƙafarta ke kumbura ko numfashi ke mata wuya, asibiti za a kai ta, kada a ƙara mata kanwa.

To mu tafi gona, inda maganar ta fi nauyi.

Ƙasar noma ita ma tana da caji. Ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen taki da ke cikinta mainos ne a jikinsu. Tunda doka ta ce sai an daidaita, ƙasa takan riƙe ayon masu fulos a matsayin 'yan rakiyarta: kalsiyam, magniziyam, fotasiyam, amoniyam. Ku ɗauke ta kamar rumbu. Abincin shuka yana rataye a jikin ƙasa, ruwa ba ya iya wanke shi kai tsaye. In kuma wani zai sauka daga wurin, sai dai wani mai fulos ya hau ya maye gurbinsa, don ba a barin gurbi babu kowa.

Yadda aka gano wannan abin sha'awa ne. A 1850 mutum biyu a Ingila, H. S. Thompson da J. T. Way, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi. An zuba ruwan amoniyam salfet a kan ƙasar da aka cika a bututu, aka tari abin da ya tsiyaye ta ƙasa. Amoniyam bai fito ba. Salfet ya fito, amma da sabon abokin tafiya, kalsiyam. Wato ƙasa ta riƙe amoniyam, ta sallami kalsiyam ya raka salfet. Musaya aka yi, kuma lissafin caji bai kauce ko kaɗan ba.

Matsalar ita ce rumbun ba girmansa ɗaya ba. Ƙasar fadama mai laka rumbunta babba ne. Jigawa mai rairayi, irin wadda ta fi yawa a gonakin gero da gyaɗa da wake na Gaya da Ajingi, rumbunta ƙarami ne, don rairayi kusan ba shi da caji. Ɗan abin da take iya riƙewa, kaso mai yawa daga ruɓaɓɓen taki yake zuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu mu bi yuriya daga buhu. Yuriya ita kanta ba ta da caji. Da ta shiga ƙasa mai danshi, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin halittar ƙasa ke farfasa ta, ta zama amoniyam, ɗan rakiyarsa kuma kabonet, ɗan gidan su kanwa ɗin nan. A wannan matakin akwai asara ta farko. Kabonet yana mayar da ƙasar da ke kewaye da ƙwayar takin kishiyar tsami, a irin wannan yanayin kuwa amoniyam yakan rikiɗe ya zama iskar amoniya, mai warin nan na fitsari, ya bi iska. In an watsa yuriya a sarari cikin zafi, wani kaso sama yake tafiya. In an binne ta, amoniyam yana samun jikin ƙasa ya maƙale. Dalilin da ya sa malaman gona ke nanata a tona a rufe ke nan. Shi ne kuma dalilin da ya sa ba a cakuɗa toka da yuriya ko da wani taki mai amoniyam, don toka ma cike take da kabonet.

Mataki na biyu: cikin sati biyu zuwa uku, ƙwayoyin bakteriya na mayar da amoniyam ya zama naitiret. A nan caji ke juyawa. Amoniyam fulos 1 ne, naitiret mainos 1 ne. Don lissafi ya tsaya daidai, kowane amoniyam da ya juya yana sakin haidirojin biyu. Fulos 2 a cire 1, saura fulos 1, yadda aka fara. Mun kuwa ce haidirojin shi ne tsami.

To ga inda ta ɓaci. Naitiret mainos ne, ƙasa ma mainos ce, ba sa riƙe juna. Idan saiwa ta kama shi da wuri, alhamdu lillahi, don lokacin da take shan naitiret takan saki wani ayon mai mainos a madadinsa, wanda ke kashe tsami. Idan kuwa ruwan sama mai ƙarfi ya riga saiwa, sai naitiret ya bi ruwa ya nutse can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Kuma ba zai tafi shi kaɗai ba, dole ya ja ɗan rakiya. Wa zai ja? Kalsiyam, magniziyam ko fotasiyam, waɗanda haidirojin ya ture daga jikin ƙasa ya zauna a gurbinsu.

Kun ga asara biyu a ruwa ɗaya. Takin da aka saya ya tafi, shi ne rawayar ganyen nan. Ya kuma tafi da dukiyar da ƙasa ta daɗe tana ajiyewa, ya bar tsami a rumbu. Shekara ɗaya ba za a gane ba. In aka jera shekaru, ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH yana sauka, in ya yi ƙasa da 5.5 aluminiyam da ke cikin ƙasa ya fara narkewa yana ƙona bakin saiwa. Daga nan ko an ƙara taki, shuka ba ta iya ci yadda ya kamata. Wani ɓangare na abin da ake kira gajiyar gona ke nan.

Irin takin ma yana da tasiri, kuma nan ma ɗan rakiya ne. A yuriya, kabonet ɗin da ya raka amoniyam yana shanye wani kaso na tsamin. A takin amoniyam salfet, ɗan rakiyar salfet ne, shi kuwa ba ya shanye komai. Saboda haka, a kan kowane kilo na naitirojin, amoniyam salfet yana tsamama ƙasa ninki biyu zuwa uku na yuriya. Ba a littafi kaɗai maganar take ba. A Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR take, an fara wani dogon gwaji tun 1950, ana zuba kashin shanu da takin zamani iri-iri a filaye daban-daban shekara da shekaru. Filayen da aka dinga ba amoniyam salfet sun yi tsami, waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu kuwa sun fi jurewa.

Kashin shanu da takin gida da shara da manoma ke kai wa gona da amalanke da rani, aikinsu ya wuce ciyar da shuka. Suna ƙara wa ƙasa wuraren mainos, wato suna faɗaɗa rumbun. Iyayenmu ba su karanta Thompson da Way ba, amma abin da suke yi ke nan.

Kada kuma a ɗauka ɗan rakiya kullum ɓarna yake yi. Wani lokacin shi ne ribar. Ku ɗauki supa, takin da aka fi sani da gyaɗa. Don fosfet ake sayen sa, amma yana zuwa da kalsiyam da salfet masu yawa. Gyaɗa kuwa tana da wata ɗabi'a: ƙwanson da ke cikin ƙasa da kansa yake shan kalsiyam daga ƙasar da ke kewaye da shi. In babu, sai a tono gyaɗa a tarar da ƙwanso fanko. Salfa da ke cikin salfet ita ma gyaɗa na buƙatarta, ƙasashenmu na jigawa kuma suna da ƙarancinta. Wanda ya musanya supa da wani takin da ya fi shi fosfet amma babu waɗannan 'yan rakiyar, yana iya ganin lambar buhu ta fi, amfanin gona bai fi ba.

Haka fotasiyam. Wanda ake sakawa a yawancin kamfa fotasiyam kuloraid ne, kusan rabin nauyinsa kuloraid. Ga gero da dawa a damina babu damuwa, ruwa na wanke shi. Amma taba da dankalin Turawa ba sa son kuloraid da yawa, kuma a noman rani inda babu ruwan sama mai wankewa, gishiri na iya taruwa a ƙasa. A irin wannan wurin ake neman fotasiyam salfet, duk da ya fi tsada.

Wannan ya kawo mu lissafin aljihu. Buhu mai kilo 50 ba kilo 50 na abinci ba ne, akwai nauyin 'yan rakiya da na ciko. Yuriya kashi 46 cikin 100 ce naitirojin, wato kilo 23 a buhu. Amoniyam salfet kashi 21, kilo 10.5. Kamfa mai 20:10:10 kilo 10. Kamfa mai 15:15:15 kilo 7.5. In naitirojin kake nema don zubi na biyu, raba kuɗin buhu da wannan lambar, nan take za ka ga wanne ne mai araha na gaskiya. Kamfa tana da wurinta a zubin farko, tunda tana kawo fosfet da fotasiyam.

Game da ciko, shirin takin da gwamnatin tarayya ta fara a ƙarshen 2016 abu huɗu ya riƙa haɗawa a lokacin ya yi 20:10:10: yuriya ta gida, fosfet daga Maroko, fotasiyam kuloraid daga waje, da ƙwayoyin dutsen farar ƙasa. Dutsen nan kalsiyam kabonet ne, yana cika nauyi, yana kuma ɗan rage tsami. Saboda haka ganin ƙwayoyi kala-kala a buhu ba shi ne alamar algus ba. Algus shi ne a rubuta lamba a buhu, abin da ke ciki bai kai ba, kuma akwai dokar kula da ingancin taki ta 2019 da ta haramta hakan.

Kafin mu rufe, misali biyu a gurguje. Ruwan kududdufi ko na rafi da ya yi jawur ya ƙi kwanciya, ƙwayoyin laka ne masu mainos ke ture juna, shi ya sa ba sa haɗuwa su nutse. Da an jefa alimun, aluminiyam mai fulos 3 yana kashe musu cajin, su dunƙule su kwanta. Sai dai ku sani, alimun laka yake kwantarwa, ba ya wadatarwa wajen kashe ƙwayoyin cuta, a tafasa ko a sa kulorin.

Sai kwalin magani. Za ku ga sunan magani da wata kalma a bayansa: sodiyam, fotasiyam, salfet, fosfet. Ɗan rakiya ne, an zaɓe shi don maganin ya narke ko ya daɗe bai lalace ba. Yana kuma da nauyinsa. Ƙwayar maganin ƙarin jini mai miligiram 200 na feros salfet, ƙarfen da ke ciki wajen miligiram 65 ne. Don haka kada a kwatanta magani biyu da lambar kan kwali kawai, a tambayi likita ko masanin magunguna.

To me za mu ɗauka mu tafi da shi? Ga wanda ke noma, ko yake tura wa gida kuɗin taki: a raba yuriya kashi biyu ko uku maimakon a juye ta lokaci guda, musamman a jigawa. A binne ta. Kada a zuba ana ganin hadari mai nauyi ya haɗo. A haɗa takin zamani da na gida, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ba gyaɗa supa. In gona ta daɗe tana ja da baya duk da taki, a nemi malamin gona na KNARDA a yi maganar gwajin ƙasa kafin a ƙara kashe kuɗi. Ga ɗalibai kuma, musamman 'yan sakandare da masu karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil: duk lokacin da kuka ga ayon a takarda, ku tambayi kanku wa ya rako shi, kuma in ya tashi tafiya da wa zai tafi.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya san manomi a Balare, Gafasa, Shagogo ko ina ma, ya karanta masa ko ya tura masa kafin a fara zubin taki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a girbe lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.